Bindiga mai liba (wadda ake jan mariƙin da ke ƙasanta don ɗora harsashi): wacce ta dace da farauta?

Ni dai harsashi nake fara dubawa kafin bindigar. Ga mai zaman karkara bindiga mai cin harsashi samfurin .30-30 ta wadatar, tun 1895 ake harbin barewa da ita, kawai dai kar ka nemi dogon zango. Bindigar Winchester 94 ba nauyi, ka wuni da ita a daji kafaɗa ba ta yi tsami ba, amma tsofaffin ta sama suke tofar da kwanso, daidai inda madubin hange ke zama, to in kana son ɗaura madubin hange gara Marlin 336 mai fitarwa ta gefe. Kuma fa harsasan a bututu suke jere, bakin wani a gindin wani, shi ya sa ba a sa mai tsini, don kar ya tayar da na gabansa. Ita mai cin harsashi samfurin .45-70 sai manyan dabbobi, wallahi naushinta ba wasa.