Muryar da ke riga mawaƙi buɗe baki

Jama'a, yau sati uku ke nan ina fama da kwalin kaset ɗin da na ɗauko a ɗakin marigayi kawuna a Jekadafari, nan cikin Gombe. Guda 46 ne, yawancinsu waƙoƙin kalangu da na kotso, kuma na juye 17 zuwa kwamfuta. Da tuni na wuce haka, kaset na tara ne ya ci mini kwana biyar.

A ɗan shirun nan da ake yi kafin waƙa ta tashi, sai na ji muryar mawaƙin can ƙasa-ƙasa kamar daga bayan katanga, tana faɗin baitin da bai kai ga faɗa ba. Bayan kamar sakan uku sai ga ainihin muryar ta fito da ƙarfinta, da kalmomin nan dai. Cikin dare ne, abin sauraro na kunnena, ba zan ɓoye muku ba, sai da na yi a'uziyya.

Da farko na ɗauka ɗaya gefen kaset ɗin ne ke leƙowa. Amma in da shi ne, da maganar a juye za ta fito, daga ƙarshe zuwa farko. Wannan kuwa tar nake jin ta.

Ashe laifin kwanciya ne. Zaren kaset da maganaɗisu yake riƙe sauti, kuma a naɗe yake, wani kan wani. In ya shekara da shekaru ba a taɓa shi ba, wurin da sauti ya yi ƙarfi sai ya ɗan shafi zaren da ke samansa da wanda ke ƙarƙashinsa, kamar yadda ɗanyen rubutu ke zama a shafin da aka rufe a kansa. Shi ya sa amsa-kuwwar kan zo sau biyu, ɗaya kafin murya, ɗaya bayanta. Ta bayan ganguna ke haɗiye ta, ta gaban ce ke faɗowa cikin shiru. Zafi yana ƙara ta, kuma kun san abin da rufin kwano ke yi a garin nan a watan Afrilu. Haka ma sirantar zare: C-90, wato kaset mai minti 90, ya fi C-60 mai minti 60 kamuwa, C-120 mai minti 120 kuwa ba a magana.

Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne awo. Ku buɗe waƙar a Audacity, manhajar gyaran sauti ta kwamfuta, ku ja layi daga inuwar muryar zuwa ainihinta. Zaren kaset yana tafiyar santimita 4.76 a sakan guda, tazarar kuma daidai take da zagaye ɗaya na naɗin. A bakin naɗi, inda zagayen ke da faɗi, na sami sakan uku da ɗan ɗori. Da na kusa ƙarshen gefen, wurin da zare ke kusa da gindi, ta dawo wajen ɗaya da rabi. Tazarar da ke raguwa sannu a hankali haka, a jikin wannan kaset ɗin aka haife ta.

Kaset na sha huɗu kuwa daban ne. Farko, tsakiya, ƙarshe, duk sakan 1.8, ko gezau. Faifan garmaho mai juyi 33⅓ a minti, zagayensa ɗaya sakan 1.8 ne cif. Wato daga faifai aka kwafo shi, kuma layin da ke maƙwabtaka ne ya tura bangon ɗan'uwansa tun lokacin da ake haɗa faifan. Kwalin kaset ɗin ko suna babu, amma ya gaya mini asalinsa. Irin wannan ba ta da magani a hannunmu, kar ku ɓata batirinku.

Ta jikin zare ce ake iya rage wa ƙarfi. Kafin ku kunna, ku bar rakoda ta zuge shi gaba har ƙarshe, ta dawo da shi, kamar sau uku. Na gwada da biro, hannuna ya ƙage tun ban yi rabi ba. A kaset na tara muryar ta ja baya sosai, sai dai ba ta tafi duka ba.

Sai wautar da na tafka. Na ce bari in share ragowar da abin rage hayaniya na Audacity, na kuwa danna masa da yawa. Inuwar ta dushe, amma kukan kalangu ya koma kamar ana kaɗa shi cikin randa, 'yan amshi suka zama masu mura. Allah ya sa na ajiye kwafin farko ban taɓa shi ba. Yanzu abin da nake yi kawai, in rage sautin wannan sakan biyu ko uku na farko da hannu, tsakiyar waƙa kuma in ƙyale ta yadda na same ta.

Sauran 29 ɗin na sauko da su daga saman kabad, na jera su a tsaye a ɗakin ƙasa mai sanyi, nesa da sifika. Gobe in Allah ya kai mu zan fara da C-120 guda biyu da nake ta kauce wa, don ɗayan har zarensa ya fara lanƙwasa a gefe.