Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Aka Kai Kyalami Gwanjo

Assalamu alaikum masu karatu. A makon jiya na tsaya muku ne a inda na bar wankin mota a unguwar Mayfair ta Johannesburg na koma Midrand, bayan wani dattijo Bature mai gareji ya ga yadda na kwance giyabos na mayar, ya ce gobe in zo da kayan aikina. Yau kuma labarin abin da ya kusa raba mu da abincinmu ne gaba ɗaya.

Garejin nan ba irin wanda na tashi a ciki a Kano ba ne. Rabin motocin da muke gyarawa ba sa hawa titi, a kan tirela ake kawo su. An cire kujerun baya, an gindaya bututun ƙarfe a ciki saboda ko mota ta wuntsila kada rufi ya danne direba, tayoyin kuma sumul suke babu zane. Masu su likitoci ne da lauyoyi da 'yan kasuwa, waɗanda ranar Asabar suke sa hular kwano su zama 'yan tsere. Kuma kusan dukkansu wuri ɗaya suke nufa, filin tseren motoci na Kyalami, wanda daga ƙofar garejinmu idan iska ta juyo kana jin kukan injuna.

A 1961 aka buɗe filin. Daga 1967 zuwa 1985 a nan ake yin zagayen Afirka ta Kudu na gasar Formula 1, wato babbar gasar tseren motoci ta duniya. Maigidana yana cikin 'yan kallo a 1975 ranar da ɗan ƙasarsu Jody Scheckter ya ci, kuma duk sanda ya ɗauko labarin sai ya ajiye sifana, sai ka jira ya gama. A 1985 kamfanonin Renault da Ligier na Faransa suka ƙi zuwa saboda mulkin wariyar launin fata, daga nan gasar ta ɗauke ƙafa. Ta dawo a 1992 da 1993, Alain Prost ya ci ta ƙarshe, kuma tun daga ranar motar Formula 1 ba ta sake yin gasa a ko'ina cikin Afirka ba. Akwai wani dattijo Bazulu da muke aiki tare, wanda nake ce wa Baba. Shi nasa labarin dabam ne. Ya ce min a wancan zamani hannunsa ya taɓa motocin tsere bila adadin, amma babu wanda ya taɓa tambayar sunansa. Duk da haka ya fi kowa a garejin son filin, kuma shi ya koya min abin da har yau nake ci da shi: Kyalami tana kan tudu ne, wajen mita 1,500 sama da teku, iska ba ta da kauri, don haka injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 15 cikin 100 na ƙarfinsa. Motar da aka saita a Durban bakin ruwa, idan ta hau nan sai ta riƙa shan mai fiye da iskar da take samu, ka kwance fulogi ka gan shi baƙi ƙirin. "Yaro," in ji shi, "kafin ka zargi direba, duba fulogi."

A tsakiyar 2014 aka ce za a yi gwanjon filin. Kamfanin da ke riƙe da shi ya durƙushe, wurin kuma ya lalace. Na gani da idona: kwalta ta tsattsage, ciyawa ta fito a tsakanin tsagar, fentin gefen kwana ya koɗe, rumfunan da muke aiki a ciki suna yoyo. Abin da ya tayar wa kowa hankali shi ne wanda zai saya. Midrand tana tsakanin Johannesburg da Pretoria, ƙasa a nan tsada take kamar me, ko'ina ka juya gidaje ake ginawa masu katanga da maigadi. Kuma tsoron ba na banza ba ne, don an taɓa yi. A ƙarshen shekarun 1980 an sayar da wani babban ɓangare na tsohon filin, har da doguwar miƙaƙƙiyar hanyar da aka san shi da ita, yau ofisoshi ne a wurin. Ni dai abin ya tuna min filin ƙwallon unguwarmu da muka wayi gari an kafa masa duwatsu an yanka fuloti, yaran da ke buga wasa a ciki aka bar su da kallo.

Kwastomomi suka fara ja da baya. Wanda ya ce a haɗa masa sabon inji ya bugo ya ce a dakata. Maigida bai ce zai sallami kowa ba, amma mun ga ya daina sayo kaya, kuma ni ne baƙo, ni ne na zo ƙarshe, na san wanda zai fara tafiya.

Ranar Alhamis 24 ga Yuli aka yi gwanjon. Muna cikin goman ƙarshe na azumi, kuma a can lokacin hunturu ne, sanyi har cikin ƙashi, hannu ya taɓa ƙarfe sai ya ƙage. Babu wanda ya yi aikin kirki ranar. Ina ƙarƙashin wata mota ina kwance salansa na ji wayar maigida ta yi ƙara, na ji shiru, sannan na ji ya buga tafin hannu a kan bonet. Toby Venter ne ya saya, shugaban Porsche na Afirka ta Kudu, a kan rand miliyan 205, kuma ya ce filin tsere zai ci gaba da zama. Baba ya cire hularsa ya zauna a kan taya bai ce komai ba. Da magariba na tafi masallacin Nizamiye, wanda Turkawa suka gina a nan Midrand, na sha ruwa na yi sujadar godiya.

Da dare na kira yayana a Kano na ba shi labari. Ya ce, "Kai, tsaya. Miliyan ɗari biyu a sayi kwalta don motoci su yi ta zagaye su dawo inda suka tashi?" Na ce, "Yaya, kwaltar nan ce take biyan kuɗin makarantar 'ya'yanka." Ya yi dariya ya ce to Allah ya ƙara wa kwalta albarka. Amma tambayarsa tana da tushe, kuma amsarta ita ce abin da na fi girmamawa a aikin da sabon mai filin ya yi.

Bai zauna jiran Formula 1 ba. An rufe filin, aka kankare tsohuwar kwalta aka shimfiɗa sabuwa, aka faɗaɗa hanya, aka gyara wasu kwanoni, aka sabunta ginin rumfunan. A wannan tsakanin Zwartkops muke kai motoci, wani ƙaramin fili wajen Pretoria. Da aka sake buɗe Kyalami a 2016, zagaye ɗaya kilomita huɗu da rabi ne da kwana 16, amma babban canjin yana saman rumfunan: an yi zauren taro. Ranar Talata ka tarar da kamfani yana taro a sama, a ƙasa ana gwada sabuwar mota ga 'yan jarida, a gefe ana koya wa direbobi taka birki a jiƙaƙƙiyar hanya. Baje kolin motoci na shekara-shekara ma nan ya dawo. Filin tsere da ke jiran ranar gasa kaɗai ba ya iya riƙe kansa, shi ya sa na da ya mutu a tsaye. Wannan kuwa kullum yana da abin shiga.

A Nuwamban 2019 tsohuwar gasar filin, wadda motoci ke yin awa tara suna tsere, ta dawo, da motoci daga Turai. Ina cikin masu taimakawa a rumfa. Da dare ruwa ya kece da tsawa, muna ta turo tayoyin ruwa a guje, rigata sharkaf, kuma motar Porsche ce ta ci. A ranar na ga samari baƙar fata sanye da kayan aiki, riƙe da kwamfuta suna karanta zafin birki, ana kiransu da sunansu ta rediyo. Na nemi Baba in nuna masa, na tarar ya riga ni gani.

Yanzu maganar da ake yi ita ce ko Formula 1 za ta dawo. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta ba filin daraja ta biyu, Formula 1 kuwa sai mai daraja ta ɗaya. A Yunin 2025 hukumar ta amince da zanen gyaran da zai kai shi can, wanda galibinsa faɗaɗa wuraren da mota za ta zarce idan ta ƙwace ne da ƙarfafa shinge. Ministan wasanni Gayton McKenzie ya ɗauki abin da zafi, shahararren direban Formula 1 Lewis Hamilton ya sha faɗin yana so ya yi tsere a Afirka kafin ya ajiye sitiyari, Ruwanda kuma ta shigo nema tun Disambar 2024. Amma gyaran hanya shi ne mai sauƙi. Kuɗin da ake biyan masu gasar kowace shekara dubban dubban daloli ne, miliyoyi masu yawa, kuma a ƙasar da na sha gyaran mota da fitilar waya saboda an ɗauke wuta, dole a tambayi daga aljihun wa za su fito. Ina so gasar ta zo, wallahi ina so, in ga motocin nan sun gangaro kwanar Mineshaft da idona. Sai dai ba na so a ciwo bashin da zai sake kai filin gaban mai gwanjo, don idan aka sake kaɗa ƙararrawa ba lallai ne mai son tsere ya fi masu gina gidaje kuɗi ba.

Maigida bai sallame ni ba. Kafin ƙarshen shekarar 2016 ma ya ƙara ɗaukar yara biyu ya ce ni zan koya musu. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ɗaya daga cikinsu, da yadda zuwana gida neman aure ya kusa rushewa saboda takardar izinin zama.