Wasiƙa daga Ingila: wajen nan mai danshi a gidanku, kar a zuba masa siminti

Salamu alaikum 'yan uwa na gida, ya damina, ya yara? Mu nan ruwan sama ba ruwansa da damina ko rani, kullum cikinsa muke.

Bayan gidan da nake haya akwai wani lungu mai laka da ruwa ba ya tsanewa, duk furen da aka sa sai saiwarsa ta ruɓe, har wata dattijuwa maƙwabciyata ta yago min tushen wata ciyawa daga lambunta ta ce gwada wannan. Carex elata 'Aurea' sunanta, ganyenta siriri ruwan ɗorawa yana lanƙwasowa ƙasa, tsayinta bai kai mita ɗaya ba. Da na murza karan a yatsa sai na ji kusurwa uku kaman na aya, ashe kuwa dangi ɗaya ne, har da kajijin da iyayenmu mata ke sawa a turaren wuta. Carex kaɗai ta kai iri 2,000. Ita dai kar ta ji fari, in ta yi cunkus sai a tono a raba tushen wajen watan Afrilu.

To wannan ta ƙasar sanyi ce, kar ku wahalar da kanku. Amma 'yar uwarta Cyperus alternifolius, mai kai kaman lema, ita zafi take so, mu nan sai mun shigar da ita ɗaki in sanyi ya kama, ku kuwa Allah ya hutar da ku. Gindin famfo, wajen alwala, bakin rijiya, duk inda ƙasa ke zama jiƙe zata kama, kuma wlh ta fi gansakuka da caɓi kyan gani. Ba sai an sayi da yawa ba, a yanko kan guda da ɗan kara, a rage ganyen da almakashi, a kifa shi cikin kofin ruwa kai a ƙasa, in an kwana biyu za a ga fararen saiwoyi da sabon tsiro suna fitowa daga tsakiya sai a dasa.

Dan Allah a kula, danshi ake so ba kwantaccen ruwa ba saboda sauro, a yi wa ruwan hanya ya dinga wucewa. Kuma kar wani ya ɗebo aya-aya daga gona wai ai duk ɗaya ne, manoma sun san in ta shiga wuri fitar da ita sai an sha wuya. Ita ma mai lemar tana yaɗuwa, in wajen ƙarami ne a sa ta cikin tsohon bokiti mai huji a binne.

A gaida mutan gida.