Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gogen Matan Abzin

Makon jiya mun tsaya a ranar da malamina na Jami'ar Abdu Mumuni ya sa hannu a kan batun da na zaɓa na mastar, wato kiɗa da waƙar mutanen duwatsun Abzin. Da takardar a aljihu na baro Yamai na dawo Damagaram, don ba zan nufi arewa ban sanar da Baba ba.

Bayan la'asar na same shi a zauren gidanmu na Zango yana jan carbi. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Wato duk shekarun nan da ka yi a lakwal, ƙarshenta maroƙi za ka zama?" Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ba kiɗan zan yi ba, rubuta shi zan yi." Ya ce ai duk kanwar ja ce. Ban ga laifinsa ba. A wurinmu kiɗa gado ne. Masu kakaki da algaita na ƙofar Sarkin Damagaram a gidajensu suka tashi suka tarar, ɗan malam kuwa ba ya shiga sahunsu.

Kakata ce ta raba gardama daga cikin gida. Ta ce shi kansa Baban da cukun Abzinawa aka yaye shi. Zango ai masaukin ayari ce tun asali, raƙuma su sauko da gishirin Bilma da dabino, su koma da gero. "Bar yaro ya je ya ga gidan baƙinmu," in ji ta. Baba bai ƙara magana ba, amma da asuba na tarar da jika goma a ƙarƙashin sallayata.

Tanut, Adarbisanat, sai Agadas. A can Hausa ta ishe ni. Da na hau zuwa Timiya, garin lambunan lemo da rumman a tsakanin baƙaƙen duwatsu, dole na nemi tafinta.

Tende bai ba ni wahala ba. Turmin daka ne a rufe bakinsa da fatar akuya, a riƙa yayyafa mata ruwa, mace ɗaya tana bugawa, ana waƙa, sauran suna tafi suna amshi. Cikin kwana uku na naɗi abin da ya ishe ni. Abin da ya kai ni shi ne anzad, wanda aka fi rubutawa imzad a takardu, kuma UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2013 da sunan Nijar, Mali da Aljeriya. In ka gan shi ka ce gogenmu ne: rabin ƙwarya, fata, tsirkiya ɗaya ta gashin doki. Sai dai mata ne ke goga shi, matan ma masu mutunci, kuma masu iyawar sun yi ƙaranci.

Sati biyu ina kai gaisuwa gidan wata tsohuwa kafin ta yarda. Daren da ta ɗauko shi, ta shafa ƙaro a jikin gashin, ta ɗora ƙwaryar a cinya. Maza biyar na zaune a kan yashi, kowa ya ja amawali har ƙarƙashin ido, ba mai motsi. Sautin siriri ne, kamar mai kuka yana ɓoyewa. Can wani dattijo ya shigo da murya ƙasa-ƙasa. Tsigar jikina ta tashi.

Nan Badamagaren ya motsa. Na miƙe, na zaro jika guda, na nufe ta zan yi liƙi kamar yadda muke yi wa makaɗa a gidan biki. Tafintana ya kamo bakin rigata, amma aikin gama ya gama. Ta tsayar da hannu, ta kife gogen a gefe, ta ja mayafi. Dattijon ya dubi ƙasa. Ba wanda ya yi mini faɗa, da ma an yi da ya fi mini sauƙi. Aka ci gaba da zuba shayi kamar ba a taɓa kiɗa a wurin ba. Minti huɗu kawai na'urata ta kama, a ƙarshensu kuma har da ƙarar takalmina.

Ban yi barci ba. Da hantsi wata ƴar jikarta ta zo masaukina da ƙwaryar nonon akuya da saƙo: in zo da dare, amma in bar na'urar a ɗaki, kuɗin ma haka.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.