Lambar QR a Kan Dutsen Kabari: Yadda Ake Aikin da Inda Yake Lalacewa

Abin da dutsen kabari ke iya ɗauka kaɗan ne: suna, ranar haihuwa, ranar rasuwa, sai aya ɗaya ko gajeriyar addu'a, wuri ya ƙare. Shi ya sa masu wannan sana'a suka fara liƙa lambar QR, wadda mai ziyara zai haska da wayarsa ta buɗe masa shafi mai ɗauke da tarihin mamacin, da hotunansa, wani lokacin har da muryarsa. Kamfanin Denso Wave na Japan ne ya ƙirƙiro lambar a 1994 don bin sawun sassan mota a masana'anta. A 2008 wani kamfanin duwatsun kabari na ƙasar, Ishinokoe, ya fara sa ta a kaburbura, Quiring Monuments na birnin Siyatil a Amurka ya biyo baya a 2011. A garin Maribor na Sulobeniya har allon talabijin mai inci 48 aka dasa a jikin dutse a 2017. Wannan kam ba ma ba kowa shawararsa. Duk abin da ke buƙatar lantarki da gilashi a filin da babu mai gadi, kwanansa ƙirgagge ne.

A shagonmu iri biyu ne masu zuwa. Akwai iyalan Kirista masu son dutse da rubutu, akwai kuma kwamitocin maƙabartun Musulmi, waɗanda buƙatarsu daban ce, zan zo kanta.

Aikin yana farawa daga adireshin shafin, ba daga dutse ba. Lambar QR 'yan gidaje ne baƙaƙe da farare kamar gidajen dara, kuma tsawon adireshi shi ke ƙara yawansu. Mafi ƙanƙanta tana da gida 21 a kowane gefe, ta gaba 25, sai 29, sai 33. Yawan gidaje na nufin kowanne ya ƙanƙance, ƙaramin gida kuwa ƙura kaɗan ke cike shi. Sannan akwai matakan kariya guda huɗu: L na jure lalacewar kusan kashi 7 cikin ɗari, M 15, Q 25, H 30. Abin da zai kwana a waje shekara da shekaru H ake ba shi, babu ciniki. Mai gida 29 a matakin H tana ɗaukar haruffa 24 kacal in an rubuta da ƙananan baƙaƙe, amma in aka rubuta adireshin gaba ɗaya da manyan baƙaƙe da alƙaluma tana ɗaukar 35. Da yawa ba su san wannan dabarar ba. Sai dai a tabbata shafin yana buɗewa da manyan baƙaƙen kafin a taɓa dutse.

Dole a bar fili fari mai faɗin gida huɗu a kewaye. Wato mai gida 29 tana cin gurbin gida 37. A kan farantin da za a liƙa a dutse, da injin lesa mai zane da ƙunar haske, milimita 2 ga kowane gida ya isa, faɗinta ya zama milimita 74. In da feshin yashi za a sassaƙa kai tsaye a dutse, kada a sauka ƙasa da milimita 3, wato kusan santimita 11, domin yashi na cin kusurwa ya mayar da ita zagaye. Masu son a ƙawata gefen da fure ko a sa hoton giciye a tsakiyar lambar, muna ba su haƙuri. Duk abin da ka rufe a tsakiya, daga cikin kashi 30 ɗin nan ka ci, wanda aka tanada don tsagewa da datti.

Baƙin giranit mai santsi yana da tarko. Lesa ba ta baƙanta shi, fari-fari take mayar da inda ta taɓa. Wanda ya ɗora zanen yadda yake a kwamfuta zai sami lamba a juye, gidajen da ya kamata su zama baƙi sun zama fari, kuma ba kowace waya ke karanta irin wannan ba. Abin yi shi ne a ƙone fararen gidajen da filin kewaye, a bar baƙaƙen da santsinsu. Ko an yi daidai, da zarar ruwa ya jiƙa dutsen sai farin ya dushe, lambar ta ɓace har sai ya bushe. Maganinsa a cusa farin fentin dutse a wurin da aka ƙone, a gaya wa masu shi cewa fentin zai buƙaci sabuntawa bayan 'yan shekaru. Mabul kuwa ba ma sassaƙa lamba a kansa. Yana da laushi, ruwan sama na cin bakin zanen a hankali, kuma ranar da wani ya wanke shi da ruwan asid na goge tayil, shi ke nan.

A ƙasashen Turai ana amfani da farantin ƙarfen da ba ya tsatsa, irin mai lamba 316. A nan kuwa 'yan jari-bola sun sa mun ja baya da shi, tunda allunan ƙarfe na kaburbura na cikin abin da ake tuɓewa a kai kan sikeli. Farantin tangaran da aka gasa zanen a cikinsa da wuta mai zafin sama da digiri 800 ya fi mana: rana ba ta koɗar da shi, kuma babu mai sayensa a kilo. Sitika ta roba kada ma a fara.

Wajen liƙawa, a fafe gurbi daidai kaurin farantin don ya shige ya daidaita da fuskar dutse, babu bakin da wuƙa za ta kama. A goge ƙura da sifirit, a shafa gam mai haɗi biyu irin Araldite, a danne da tef, a bar shi awa 24 ba ruwa. A sa shi a fuskar da ke tsaye, a tsayin aƙalla santimita 40 daga ƙasa, saboda jar laka da ruwan damina ke fantsamawa. A kwance yana tara ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye, ga ƙyallin rana da ke makantar da kyamara. Gwaji da waya uku ake yi, har da tsohuwar Android mai araha, da safe da tsakar rana, a bushe da a jiƙe.

Wasu na tambayar ɗan guntun NFC, wanda ake kara waya a kai ba sai an haska ba. Yana aiki, amma irin NTAG213 da aka fi samu, masu ƙera shi shekara 10 suka lamunce zai riƙe bayanai, ba ya aiki a kan ƙarfe sai da shimfiɗa ta musamman, kuma ƙananan wayoyi da yawa ba sa iya karanta shi.

Duk wannan mai sauƙi ne in aka kwatanta da abin da ke bayan lambar. Giranit zai wuce shekara ɗari, amma sunan shafi na .com ba a iya biyan kuɗinsa fiye da shekara 10 a lokaci guda. Ranar da aka manta ba a sabunta ba, wani na iya saye, kuma jika zai haska kabarin kakansa ya faɗa shafin caca. Haka nan shafukan da ke ba da lambar QR "kyauta": yawancinsu ta adireshinsu suke bi da kai, in ka daina biya su rufe. Ko Google ya daina hidimarsa ta gajarta adireshi, goo.gl, balle ƙaramin kamfani. Don haka sunan shafin ya zama mallakar iyali ko coci, da sunan mutum biyu a rajista, ba na mai shago ba, mu ma ciki. A ba iyali kwafin komai a filasha da kuma bugagge a takarda. A sassaƙa adireshin da haruffa a ƙasan lambar don mai buga shi da hannu.

Shafin kansa ya zama marar nauyi, kada ya wuce megabait ɗaya, domin maƙabartu galibi a bayan gari suke inda sabis ke rawa. Kada a sa adireshin gida, lambar waya, ko cikakkiyar ranar haihuwar masu rai, 'yan damfara na bibiyar gidajen makoki. Jerin sunayen mata da 'ya'ya shi ne inda rigima ke tashi, musamman a gidan da ba uwa ɗaya ba. Ba ma ɗora komai sai magada sun karanta sun sa hannu.

Maƙabartun Musulmi ba dutse suke nema ba. Hadisin Jabir da ke cikin Muslim ya hana shafe kabari da farar ƙasa da gini a kansa, ruwayar Tirmizi ta ƙara da rubutu, ko da yake sa alama ya tabbata, tunda Annabi (SAW) ya aza dutse a kabarin Usman bin Maz'un don ya gane shi. Matsalar kwamitoci ita ce alamar na ɓacewa bayan damina biyu ko uku, dangi su zo su rasa inda nasu yake. Abin da muke yi masu shi ne turakun kankare masu lambar shiyya da ta layi, da rajista a kwamfuta mai suna, unguwa, ranar jana'iza, layi da lambar kabari, sai lambar QR ɗaya tak a bakin ƙofa mai buɗe wurin neman suna. Kada a dogara da taswirar waya: kuskurenta kan kai mita biyar a fili, alhali a cikin mita biyar akwai kaburbura da dama. Kafin a kafa turke ko ɗaya, malaman unguwar su ga tsarin su amince, kuma littafin mai gadi na takarda ya ci gaba da aiki, a riƙa kwafe shi zuwa kwamfuta duk Juma'a.