Kwana uku a dabar masunta a fadamar Nguru

Na tashi daga Kano da asuba a watan Nuwamba, na bi ta Gumel da Malam Madori da Birniwa, na sauka Nguru da rana. Da gangan na zaɓi wannan lokaci. Kogin Hadejia da na Jama'are suna cika fadamar da ambaliya a Agusta da Satumba, kifi ya bazu cikin ciyawa, ya hayayyafa, ya yi ƙiba. Da ruwa ya fara janyewa sai ya nemi komawa gurbi mai zurfi, a hanyar komawar nan masunta ke tare shi. Wanda ya bari sai tsakiyar hunturu zai tarar ruwa ya yi sanyi, kifi ya kwanta ƙasa ba ya cin ƙoto sosai.

Kafin na shiga jirgi sai da aka kai ni na gai da sarkin ruwa. Baƙo ba ya jefa ko fatsa sai da izini, domin kowane gurbi da mai shi, akwai kuma waɗanda ake hana taɓawa sai ranar da aka buɗe su.

Tafiyar kwale-kwale zuwa daba ta ci mu fiye da awa biyu, kuma kachala ce ta ja mana. Ciyawa ce da ta fi mutum tsayi, ta tsaya dama da hagu kamar katanga, wani wurin hanyar da ta rage ba ta wuce faɗin jirgin ba. Filafili ba ya aiki a nan, sai doguwar gwangwala da ake dogarawa a ƙasa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina zuwa da ƙarfi ya wanke hanya da damina ya kuma bushe da rani. Yanzu yana kwance kusan duk shekara, abin da kachala ke so ke nan. Ta toshe hanyar Marma da ke kawo ruwa tafkin Nguru, ta cinye gonakin shinkafa, tsuntsun jan baki kuma ya samu wurin kwana a cikinta. A 2000 aka sa tafkin da hanyar Marma cikin dausayin da yarjejeniyar duniya ta Ramsar ke karewa, amma abin da na gani da idona mutane ne da adduna tsamo-tsamo cikin ruwa suna sara.

Aikin farko da na zauna na kalla shi ne ɗana gura, wadda wasu ke kira mali. Keji ne na tsumagiya mai lanƙwasuwa da aka lulluɓe da raga, da ƙofofi masu siffar mazurari, kifi ya shiga ya kasa fita. Ana dafa dusa a cura ta kamar ƙwallon fura a jefa ciki. Curin nan shi ne sirrin. In ya yi ruwa, kafin magariba ya narke ya bi ruwa. In ya yi tauri ƙwarai ƙamshinsa ba ya fita. Sai a sa dutse ko bulo a ciki don kada ruwa ya mirgina ta, a juya ƙofa ta fuskanci inda kifi ke tahowa, a ɗaure ganyen kachala a sama ya zama alama. A ruwan da ke kwance ana barin kan gura a waje, saboda tarwaɗa da gaiwa suna hawowa shan iska, in ta nutse duka da safe gawa za a tarar. Idan aka jera gura da yawa aka datse hanya baki ɗaya, shi ne dumba. Ban ga alherin dumba ba. Tana kwashe babba da ƙarami, na ƙasa da ita ba su samun komai, kuma yawancin rigimar masunta daga nan take tasowa.

Da la'asar muka shimfiɗa kalli, ragar da ake bari ta kwana cikin ruwa. Idon raga da yatsa ake auna shi, mai yatsa uku ko huɗu yana riƙe karfasa da ta isa ci, ya saki 'ya'yanta. Igiyar sama da ƴan kwalabe masu yawo, ta ƙasa da dalma, domin ragar ta tsaya a miƙe. Kada a ɗame ta. Raga mai ɗan sako-sako ita ke naɗe kifi. Birgi kuwa, ragar da ake jefawa, a hannu yake: a ɗaura igiya a wuyan hannu, a ɗora kashi ɗaya a kafaɗa, a juya ƙugu a saki. In bai buɗe kamar faifai ba, ko dai dalma ta harɗe ne, ko an yi saurin saki. Bayan ya faɗa a dakata dalma ta taɓa ƙasa kafin a ja a hankali.

Mari-mari ya fi komai ban tsoro. Ƙugiyoyi ne ɗaruruwa a jere kusa da juna, babu ƙoto, kifin da ya gifta su ke kamawa ta jiki. Mai shiga ruwa da ƙafa ya tambayi inda aka shimfiɗa shi tukuna.

Mun kwana a kan tudu, cikin bukkar zana. Gidan sauro dole ne, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma tun kafin faɗuwar rana. Ruwan sha daga gari na taho da shi, kuma ban yi wanka a tafkin ba saboda tsargiya, wadda ke shiga ta fata a ruwan da dodon koɗi ke zama.

Da sallar asuba muka fita duba kaya, don kifin da ya mutu a kalli in rana ta taɓa shi ya fara kumbura. Mun samu tarwaɗa da karfasa da yawa, da ƙurungu, da bargi biyu. Ƙurungu da tarwaɗa ta bayan kai ake riƙe su, yatsu a bayan ƙayar gefe, sukar ƙayar nan tana hana mutum aiki kwana biyu.

Abin da ba a sayar ɗanye ba sai banda. A cire hanji, a wanke, a lanƙwasa tarwaɗa jela ta haɗu da kai a soke da tsinke, a bari ruwa ya tsane, sannan a jera a kan waya. Wutar farko mai zafi ce don ya dahu, daga nan a rage ta ta zama hayaki, ana juyawa har kwana biyu. Mai gaggawa bayan kifinsa yake ƙonewa ciki da danshi, kafin ya kai kasuwa ya yi tsutsa, daga nan ne wasu ke yayyafa masa maganin ƙwari, abin da ke cutar da mai ci. Wanda ya bushe sosai ba shi da nauyi, in ka ƙwanƙwasa yana ƙara kamar itace. Da haka na gwada kowane ɗaya kafin na cika kwalin da na taho da shi Kano.