Talata: tsakanin "saboda" da "shi ya sa"

Agege, bayan sallar Isha'i.

Darasin yau a ajin yamma na masu shirin WAEC a kan kalmomin Turanci ne da ke haɗa dalili da sakamako. Ɗalibai 14, yawancinsu 'ya'yan 'yan kasuwar Mile 12. Takardunsu na gabana, kuma kuskuren da ya fi yawa daga Hausarmu ya taso.

Mu mukan ce: "Saboda motar tumatir ta makara, shi ya sa kwando ya yi tsada." Hausa ce tsaf. Amma Turanci ba ya ɗaukar biyun a jimla ɗaya. Ko dai a kama dalili: "Because the lorry came late, tomatoes were expensive." Ko a kama sakamako: "The lorry came late, so tomatoes were expensive." Mutum 9 suka sa because a farko, suka ƙara so a tsakiya. Wata yarinya ta ce, "Malam, ai in babu so ɗin, kamar maganar ba ta ƙarasa ba." Kunnenta na Hausa ne ya faɗa mata haka, kuma Turancin buroka na titi ma yana da nasa "na im make". Maganinsa shi ne a ja layi a ƙarƙashin kalmomin biyu, a soke ɗaya.

Na biyu ya fi damuna. "Saboda" guda ɗaya tana yi mana aiki biyu: saboda ruwa, saboda an yi ruwa. Turanci ya raba su. Because tana son mai aiki da aikatau a bayanta: "because it rained". Because of da due to kuwa suna kawai suke ɗauka: "because of the rain". Duk wanda ya rubuta "because of it rained" bai duba abin da ke bin kalmar ba.

Therefore da as a result ba sa riƙe jimla biyu da waƙafi kaɗai; sai an sa aya ko waƙafi mai ruwa (;) kafin su. A nan maki ke zubewa a rubutun insha'i.

So da such mun taɓa su sama-sama, lokaci ya ƙure: "so hot that" da siffa, "such a hot day that" da suna. Aikin gida jimla 10, biyar na dalili, biyar na sakamako. Gobe since, wadda wani sa'i "tun da" ce, wani sa'i "tun daga".